An mari ƙanwata a ɗakin haihuwa, a gida an ce mu bar wa Allah. Ina ake kai irin wannan kuka?

Yayar Mai Jego, Tudun Jukun:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman wurin ma'aikatan lafiya da masu ilimin shari'a da ke cikinmu.

Ƙanwata ce ta zo gida goyon ciki, haihuwar fari, shekararta 19. Ba ta taɓa fashin zuwa awo ba. Naƙuda ta kama ta bayan isha'i, ni da Ummanmu muka sa ta a adaidaita sahu muka kai ta wani asibitin gwamnati a nan Zariya, wanda ba zan kama sunansa ba. Suka karɓe ta, suka ba ni takardar kayan da zan sayo, na sayo komai, suka ce mu jira a baranda.

Muna zaune muna jiyo muryarta, muna jiyo ta wata ma'aikaciya tana mata tsawa. Sai da muka koma gida ta faɗa mini abin da ya faru, tana faɗa tana kuka. Da ciwo ya tsananta ta yi ƙara, matar ta ce mata ta rufe musu baki, lokacin da ake abin ai ba ta kira su ba. Da ta haɗe ƙafafunta don azaba, ta ɗaka mata duka a cinya, sannan ta mare ta a fuska. An yi mata ƙari ba wanda ya gaya mata za a yi, sai zafin almakashi ta ji. Aka zo ɗinki ba allurar kashe zafi. Ta roƙa, aka ce 'yan uwanta ba su sayo ba, alhali tana cikin kayan da na saya, rasidin yana jakata har yanzu.

Yaro lafiyarsa ƙalau, an yi suna, alhamdu lillahi. Amma yarinyar nan ba ta ko yi arba'in ba ta riga ta rantse cewa ko mutuwa za ta yi, ba za ta sake haihuwa a asibiti ba. Dare ya yi ba ta barci. Kuma maƙwabtanmu biyu masu juna biyu sun zo barka sun ji labarin, ɗaya ta ce ita kam a ɗakinta za ta durƙusa.

Umma ta ce tunda an rabu lafiya mu bar wa Allah, su ma haka aka yi musu. Mijinta yana so ya je ya yi musu rashin mutunci, ko ya ɗora sunan asibitin a Facebook. Ni duk biyun ba su kwanta mini ba. Akwai inda talaka zai kai irin wannan kuka a saurare shi? Kuma ba za a riƙe mu a zuci ba, tunda asibitin nan shi ne kusa da mu?

Inna Ungozoma, Ƙofar Doka:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raya, Allah ya ba mai jego lafiya. Ni ungozoma ce, a ɗakin haihuwa na yi aikina har na yi ritaya, don haka abin da zan faɗa miki daga ciki na san shi.

Kafin maganar ƙara, a duba ɗinkin. In akwai zazzaɓi, ko wari, ko wurin ya buɗe, ko fitsari na zubo mata ba da saninta ba, a kai ta a gani yau ɗin nan, ko da wani asibitin ne daban. Ki roƙi wanda ya duba ta ya rubuta abin da ya gani a katinta. Wannan magani ne, kuma shaida ce. Rashin barcin nan da yawan kuka ma ki faɗa masa, kada a ce jego ne kawai.

Abin da aka yi mata ba aikin ungozoma ba ne. Babu makarantar da ta koya mana mari. Na san abin da abokan aikina ke faɗa, cewa in kan ɗa ya taho uwa ta haɗe ƙafa, ana dukanta ne don a ceci ɗan. Na ji tsoron nan da kaina a irin wannan lokaci, tsoro ne na gaske. Amma yarinyar da tun farkon naƙuda aka zauna aka gaya mata yadda abin zai zo, yaushe za ta yi nishi, yaushe za ta saki jiki ta ja numfashi, wuya ne ta rufe ƙafa. Wadda aka tarbe ta da zagi ita ce ke ƙanƙame jikinta. Ƙari kuwa ba kowace mai haihuwar fari ake yi wa ba, an daina wannan tunanin, kuma in ya zama dole ana gaya wa mace kafin a taɓa ta. Ɗinki babu allura zalunci ne, ba ni da wani suna da zan kira shi.

Ga yadda za ki bi. Ki zauna da ita, ki ɗauki biro, ki rubuta komai tun ba a manta ba: ranar, ƙarfe nawa kuka shiga, ƙarfe nawa ta haihu, lambar katinta, kalmomin da aka faɗa mata yadda aka faɗe su, abin da ke kika ji da kunnenki daga baranda, da abin da ita ta gaya miki. Ki raba waɗannan biyun, kada ki ƙara ko gishiri. Ƙorafi da yawa yana mutuwa ne saboda an ƙara abin da bai faru ba, sai a kama wannan ɗaya a yar da sauran.

Sannan ku je da safe, ranar aiki, wurin shugabar nas-nas ta asibitin, wadda muke kira metiron. Kada ku fara da ɗakin haihuwa, can za a rufa wa juna asiri. Ku tafi da kwafi biyu na takardar, ɗaya zuwa ga shugaban asibitin, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayan ku dawo da shi gida. Maganar baki iska ce ke kwashe ta, amma takarda mai hatimi dole wani ya amsa ta. A ƙarshen takardar ki faɗi abin da kuke so a fili: a bincika, a ba ta haƙuri baki da baki, a yi bayanin inda allurar da kuka saya ta tafi, a sanar da ku matakin da aka ɗauka. In ba ku faɗi abin da kuke nema ba, za a ce muku “ku yi haƙuri” a tsaye a bakin ƙofa, shi ke nan.

Mijin kuma ki riƙe shi. In ya je ya ɗaga murya, labarin zai juya ya koma na miji da ya zo ya ci mutuncin ma'aikata, a manta da marin.

Baban Almajirai, Gyallesu:

Malama, Allah ya ƙara haƙuri. Ni dai ina bayan mahaifiyarku. Mace ta shiga tsakanin rai da mutuwa ta fito da ɗanta a hannu, wannan ni'ima ce da ta fi ƙarfin mari. Matar nan ko ba komai ta hannunta Allah ya kawo yaron. Idan aka kore ta daga aiki saboda ku, tana da 'ya'yan da take ciyarwa, hakkinsu fa? Yafiya ta fi, kuma lada tana wurin mai haƙuri.

Yayar Mai Jego:

Allah ya gafarta Malam, na gode, kuma ban ƙi yafiya ba. Amma ai a Suratun Nisa'i, aya ta 148, Allah ya ce ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Yafiyar ta ƙanwata ce, in ta ga dama ta yafe, ni zan ma taya ta. Abin da ba mu da ikon yafewa shi ne na yarinyar da za ta kwanta a gadon nan gobe da dare. Ba korar kowa nake nema ba. So nake a kira matar a gaya mata cewa an sani, kuma ba daidai ba ne.

Barista, Kongo:

Hajiya, Inna ta riga ta ba ki hanyar farko, ita ce kuma mafi sauri. Bari in ƙara abin da doka ta ce, don ki shiga ofishin nan da sanin cewa ba alfarma kika zo nema ba.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 tana da babi guda a kan hakkin majiyyaci. Sashe na 23 ya wajabta wa ma'aikaci ya yi wa majiyyaci bayanin halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfani da haɗarin kowace, cikin harshen da yake ji. Yanka mace ba a gaya mata ba ya saɓa wa wannan. Sashe na 30 ya ce kowa yana da damar kai ƙorafi a kan yadda aka yi masa a asibiti, kuma a bincika. Sashe na 20 ma ku riƙe shi don gaba: an hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa ko da wane dalili, wanda ya ƙi yana iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Bayan wannan akwai kundin hakkin majiyyata mai hakki 12 da Farfesa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar a watan Yuli na 2018 yana mataimakin shugaban ƙasa. A ciki akwai hakkin a mutunta ka, da hakkin ka kai kuka. Hukumar kare hakkin masu sayen kaya, wadda yanzu ake kira FCCPC, ita ta shirya shi tare da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Mari kuwa ko babu waɗannan duka laifi ne a dokar hukunta laifuffuka, farin kaya ba ya halatta shi.

Idan asibitin ya yi shiru, sai a hau sama, kuma inda za a hau ya danganta da mai asibitin. Na tarayya yana da ofishin SERVICOM a cikinsa, tsarin da aka kafa tun 2004 don irin wannan kuka. Na jiha, Ma'aikatar Lafiya a Kaduna. Ƙaramin asibitin unguwa kuma yana ƙarƙashin hukumar kula da lafiya a matakin farko, kuma yana da kwamitin mutanen unguwa da ke sa ido a kansa, mai unguwarku zai san su. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda take nan tun 1975, tana da ofis a kowace jiha, ba a biyan ko sisi. Sai dai tana so a fara bin hanyar cikin gida, kuma ba ta karɓar abin da ya wuce wata 12 da faruwa. Shi ya sa takardar nan mai hatimi da Inna ta faɗa take da muhimmanci, ita ce shaidar kun fara daga ƙasa.

Ita ma'aikaciyar kanta, lasisinta yana hannun Hukumar Nas-nas da Ungozomomi ta Nijeriya, kuma tana da kwamitin ladabtarwa. In likita ne, hukumarsu ita ce MDCN, kuma can da takardar rantsuwa ta kotu ake shigar da ƙara, ba wasiƙa kawai ba.

Abu biyu nake so ki kiyaye. In har kuna tunanin kotu don neman diyya, kada ku yi jinkiri, domin akwai tsohuwar doka da ke kare ma'aikatan gwamnati wadda ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara, kuma lauyoyin gwamnati da ita suke fara kare kansu. Ku ga lauya da wuri. In babu hali akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a, akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Na biyu, maganar Facebook. Ki gaya wa mijin cewa an sha kama mutane a ƙasar nan da sunan ɓata suna ko dokar laifuffukan intanet ta 2015 saboda rubutu irin wannan, mai gaskiya ya wayi gari shi ne a ofishin 'yan sanda. Ban da haka, sirrin matarsa zai baza wa duniya. Kuma wannan ya shafe ku duka: ƙorafin nata ne, jikinta ne. Kada a rubuta komai da sunanta sai ta yarda, ta ji an karanta mata, ta sa hannu.

Nas Mai Aikin Dare, Samaru:

Na karanta da nauyin zuciya, domin irin kayan da matar nan ta sa nake sawa. Yaya, ki ba ƙanwarki haƙuri a madadinmu.

Ina so jama'a su san yadda daren yake. Sau da yawa mu biyu ne a kan mata shida ko bakwai masu naƙuda, ga wadda ke zubar da jini, ga mai jijjiga da aka kawo daga ƙauye a makare, wuta ta ɗauke, da fitilar waya ake ɗinki. Hukumarmu da kanta ta faɗa a 2024 cewa nas-nas kusan 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Mu da muka rage mu ke ɗaukar aikinsu. Mu ma ana zaginmu, an taɓa ɗaga mini hannu a bakin aiki. Dokar da Barista ya kawo, sashe na 21 nata ya ba ma'aikaci damar ƙin duba wanda ya zage shi ko ya doke shi, wannan ma mutane su sani.

Duk da haka gajiya ba ta sa hannu ya tashi da kansa. A dare ɗaya, a ɗaki ɗaya, wata tana cewa “sannu, saura kaɗan, kina ƙoƙari”, wata tana zagi. Mun san su a cikinmu, kuma ƙaramar ma'aikaciya ba ta isa ta yi wa babba magana ba. Takardar da ta zo daga waje ita ke ba shugaba hujjar kiran mutum. Don haka ki rubuta, mu masu son aikin taimakonmu kika yi. In akwai wadda ta kyautata mata a daren, ita ma ki ambace ta a takardar.

Kuma abin ba na Zariya kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Nijeriya da Gana da Gini da Myanmar, wanda ya fito a 2019, ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan sun gamu da cin zarafi wajen haihuwa, kuma ya fi faɗa wa ƙananan mata da waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba. Ki duba shekarun ƙanwarki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maƙwabtan nan naku. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, kuma Arewa maso Yamma ce ke can ƙasa. Muna bin gida-gida muna roƙon mata su zo, mari ɗaya ya mayar da layi guda cikin ɗaki. Zubar jini bayan haihuwa kuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu, kafin a samo abin hawa a tsakar dare.

Yayar Mai Jego:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na karanta mata amsoshinku. Da na zo kan na 'yar'uwarmu nas ta yi shiru, can ta ce ashe su ma sun san ba daidai ba ne. Ta yarda a rubuta, amma ta ce ba za ta iya haɗa ido da matar ba. Ga sauran damuwata, Inna: ba mu san sunanta ba, babu suna a rigarta. Sannan rigakafin yaro na sati shida ya kusa, Umma tana tsoron a kai shi can bayan mun kai ƙara.

Inna Ungozoma:

Suna ba matsala ba ne 'yata. Kowane ɗaki yana da jadawalin masu aiki, akwai littafin rahoto da ake miƙawa in an canji aiki, kuma wadda ta karɓi haihuwa tana rubuta sunanta a rajistar haihuwa. Ki ba su rana da lokaci da lambar kati, metiron za ta san ko wace ce kafin ku tashi daga kujera. Ki rubuta kamanninta daidai gwargwado, don kada a ɗora wa wadda ba ita ba.

Ba dole ba ne mai jego ta je da ƙafarta a karon farko. Ta sa hannu, ta rubuta layi ɗaya cewa ta wakilta ki. In an kira zama, ku ce za ta yi magana da shugaba ita kaɗai, ke kina gefenta. Ki tafi da mutum ɗaya mai natsuwa, dattijo ko dattijuwa da ake jin nauyinsu, ba taron dangi ba. Rasidin nan ki yi masa hoto, ki ba da kwafi, na ainihin ya zauna a hannunki. Kafin ku fito ki tambayi ranar da za ku dawo jin amsa, ki rubuta ta a gabansu.

Rigakafi kuwa ki kwantar wa Ummanku da hankali. Kyauta ne, kuma kowane ƙaramin asibitin gwamnati yana yi, katin yaron kawai za ku riƙa. Ku kai shi wanda ya fi kwanta muku, amma kada a ɗaga ranar. Ita ma uwar a duba ta a wannan zuwan.

Maƙwabtan nan biyu ki aiko mini su ta akwatin saƙo, ko ki gaya musu wannan. Tun a wurin awo su tambaya ko ana barin mace ɗaya ta shiga da mai naƙuda, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haka tun tuni, kuma wasu wuraren suna bari in an nema da wuri, musamman in akwai labule tsakanin gadaje. In an hana, mai rakiya ta gaisa da ma'aikaciyar da kyau, ta tambayi sunanta, ta faɗi nata, ta ce tana nan bakin ƙofa. Ita kuma mai naƙuda tana da damar cewa “don Allah ki gaya mini abin da za ki yi kafin ki yi”. In aka fara tsawa ko aka ji duka, mai rakiya kada ta jira gari ya waye, ta nemi babbar nas mai kula da asibitin a wannan daren, kowane dare akwai ta, ta ce a zo a duba.